Yatsun ƙafata na sandarewa a likkafa lokacin hunturu, me zan yi?

Tambaya: Ina zaune a ƙasar da ake zuba dusar ƙanƙara, kuma kusan kowane mako nakan hau doki. Da hunturu ya kama, kafin in yi rabin awa a kan sirdi yatsun ƙafata sun sandare, wani lokaci har in daina jin likkafa. Safa biyu masu kauri nake sawa, wata rana ma uku, amma kamar ƙaruwa abin yake yi. Mene ne mafita?

Amsa: Sannu da fama, ɗan'uwa. Ba kamar ba ne, ƙaruwa yake yi da gaske, kuma safa ta ukun nan ita ce uwa uba a cikin masu laifi.

Safa ba ta haifar da ɗumi. Duk ɗumin da ke yatsunka jini ne ya ɗauko shi daga cikin jiki, inda zafi ke tsaye a kan digiri 37, ya kai shi can ƙasa. Aikin safa kawai ta tare shi kada ya gudu. Kuma ba zaren ne ke tarewa ba, iskar da ke maƙale a tsakanin zaren ce. To idan ka ɗura safa uku a takalmin da aka ɗinka don safa ɗaya, ka matse wannan iska ta fice, sannan ka shaƙe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini yatsu. Ka rasa mai tarewa, ka rasa mai kawowa: ba tsuntsu ba tarko. Na sha ganin masu koyon hawa suna kokawa da zik ɗin takalmi har suna nishi, suna murna wai yau sun shirya wa sanyi. Su ne na farkon sauka.

Sai ka haɗa da cewa mahayi ya fi mai tafiya a ƙasa shan wahalar ƙafa, nesa ba kusa ba. Mai tafiya, kowane taku naman sharaɓarsa na matsewa yana saki, yana tura jini kamar famfo, tafin ƙafarsa na lanƙwasa yana miƙewa. Kai kuwa ƙafarka na rataye wuri ɗaya, dunduniya ƙasa, nauyinka ya taru a kan ɗan wurin nan na gindin yatsu da ke dafe da likkafa. Daidai wurin da ya fi buƙatar jini, nan ne aka fi dannewa. Ga iska ta sama da ta ƙasa da ta gefe, babu abin da ya kare. Dokin da ke ɗan sukuwa yana yin wajen kilomita 20 a awa, kuma ko da gari ya yi tsit babu iska, wannan gudun kaɗai na mai da sanyin digiri 5 ƙasa da sifili ya cije fata kamar 12 ƙasa da sifili. Ƙafa ce kuma ke gaba.

Akwai dalili na uku, wanda jikinka ne da kansa yake yi maka. Da zarar ya ji ƙirji da ciki sun fara hucewa, sai ya tsuke jijiyoyin hannu da ƙafa don ya tattara jini wajen zuciya da ƙwaƙwalwa. A lissafinsa, gara a rasa yatsa da a rasa rai. Shi ya sa mutum zai sayi takalmin da ya fi kowane tsada, ya fita da 'yar riga shara-shara, ya dawo yana zagin takalmi.

To mu soma da takalmin. Ka ɗauki safar da za ka riƙa hawa da ita ka tafi da ita wurin gwaji, kada ka gwada da ta zaman gida. Ka sa, ka ja zik, ka tsaya. Idan ba za ka iya kaɗa yatsunka biyar ɗaya bayan ɗaya ba, ka ɗaga babban yatsa ba tare da ya daki rufin takalmin ba, to ba naka ba ne. Yawanci mutum kan ƙare da lamba ɗaya sama da wadda ya saba. Ka lura da idon sawu da sharaɓa ma, don dogon takalmin da ya ɗame ƙwauri kamar an ɗaure da tsumagiya yana rage jinin tun kafin ya isa ƙafa. Ka nemi mai shafi a ciki, na ulu ko gashin tunkiya ko irin soson nan na zamani, wanda ruwa ba ya ratsa shi. Wanda ake iya zare shafinsa a shanya ya fi mini duka. Takalmin roba zalla mara shafi kuwa, wanda ake shiga taɓo da shi, firiji ne, ka bar shi a bakin barga.

Amma a nan akwai iyaka, kuma ba na sassautawa a kanta ko kaɗan. Takalmin hawa dole ya kasance da dunduniya ta kamar santimita 2 zuwa 3, wadda za ta hana ƙafa zurmawa cikin likkafa, kuma ƙasansa kada ya zama mai manyan haƙora irin na masu hawan dutse, don haƙoran kan maƙale a ƙarfe. Takalmin sanyi ya fi na bazara faɗi, saboda haka likkafar da ta yi maka daidai a da tana iya kama ka yanzu. Ka zura ƙafa ka duba: a samu sarari kamar faɗin ɗan yatsa ta kowane gefe, wato santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Idan babu, ka canja likkafa, ba takalmi ba. Doki a lokacin sanyi yana da rawar kai, ga santsi, faɗuwa ba abin mamaki ba ce. Wanda ya faɗo ƙafarsa ta saki zai tashi ya kakkaɓe jiki. Wanda ƙafarsa ta maƙale doki ya ja shi a kan daskararriyar ƙasa, wannan maganar asibiti ce ko abin da ya fi haka.

Yanzu laima, wato danshi, wadda a ganina ita ce rabin matsalar mutane da yawa ba su sani ba. Ƙafafu biyun mutum na ɗauke da ƙofofin gumi wajen 250,000, kuma ba sa tafiya hutu don an shiga hunturu. Ruwa kuwa yana janye zafi daga fata kusan ninki 25 a kan iska. Ka duba yadda safiyar yawancinmu take. Ka sa safa da takalmi tun daga gida, ka shiga mota ka kunna na'urar ɗumama tana hura ƙafa, ka isa barga ka share, ka kwashe kashi, ka goge doki, ka ɗauko sirdi, ka ja majayi. Kafin ka sa ƙafa a likkafa safarka ta riga ta jiƙe, ba ka ji ba don kana motsi. Da ka zauna a sirdi motsin ya tsaya, sai wannan gumi ya juye ya zama abokin gaba. Maganinsa ba ya cin ko kwabo: ka yi aikin barga da wani takalmi daban, in ka gama ɗaura sirdi ka zauna ka goge ƙafa har tsakanin yatsu, ka sa busasshiyar safa, ka sa takalmin hawa wanda ya kwana cikin ɗaki, ba a bayan mota ba. Takalmin da ya kwana a waje, ɗumin ƙafarka na minti ashirin na farko duk a kansa zai ƙare. Na daɗe ina gaya wa ɗalibai wannan, kuma shi ne suka fi dawowa suna godiya a kai.

Safar kanta, ka rabu da auduga. Auduga na shan ruwa ta riƙe, ta kwanta ta manne da fata. Ulu, musamman na tumakin marino da ba ya ƙaiƙayi, yana iya shanye laimar da ta kai kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa kafin ka ji shi a jiƙe, kuma ko ya jiƙe zarensa ba ya kwantawa, yana nan riƙe da iska. Safar ulu ɗaya mai kyau, doguwa har ƙasan gwiwa, wadda bakinta ba ya barin shaida a fata, ta isa. In kana son biyu, ta ciki ta zama siririya ƙwarai, ta siliki ko zaren roba mai tsane gumi, ta wajen ta fi ta girma kaɗan. Wanda ƙafarsa ke yawan gumi yana iya fesa mata maganin hana gumi irin na hammata tun da dare.

Ba mu muka fara wannan karatu ba. Makiyayan Mongoliya na hawa a sanyin da ke kaiwa digiri 30 ko 40 ƙasa da sifili, kuma abin da suke sawa ƙaton takalmin fata ne mai yalwa, a cikinsa safa mai kauri ta ulun da aka danne ya cure. Yalwa da ulu, shi ke nan. A yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, sojoji dubbai sun nakasa a ramukan yaƙi ba don ƙafarsu ta daskare ba, sai don ta yi kwanaki a jiƙe cikin matsattsen takalmi, a sanyin da bai ma kai na ƙanƙara ba. Abin da ya rage ɓarnar shi ne tilasta musu canja safa, da shafa mai, da duba ƙafafu a kai a kai.

Akwai wata dabara da za ka ji kamar ta saɓa wa duk abin da na faɗa: a sa siririyar safa, a zura ƙafa cikin leda, sannan a ɗora safar ulu. Hikimar ita ce gumin ya tsaya cikin leda, ulun da takalmin su zauna a bushe. A kan irin wannan tunani aka yi wa sojojin Amurka takalmin roba mai rufi biyu da ulu a tsakiya lokacin yaƙin Koriya, a farkon shekarun 1950. Tana aiki, na gwada, amma don tsananin sanyi ne da fita ta awa biyu ko uku. Ƙafa kan fito ta yi fari ta yamutse kamar ta mai wanki, dole a wanke a busar nan take. Ba abin kullum ba ce.

Mu koma ƙarƙashin ƙafa. Mutane na kula da saman takalmi su manta da ƙasa, alhali nan ne ke manne da ƙarfe. Ƙarfe ɓarawon zafi ne: baƙin ƙarfen da ba ya tsatsa yana wuce zafi fiye da roba ninki hamsin da ɗoriya, alminiyom kuma ya ninka shi kansa ƙarfen fiye da sau goma. Wato likkafar alminiyom mara nauyi da ake yayi ita ce mafi sharri a hunturu in babu abin da ya raba ta da takalmi. Ka sa mata matashin roba mai kauri, ko ka koma likkafar roba mai ƙarfi ko ta katako da aka naɗe da fata. A cikin takalmi kuma ka shimfiɗa tafi na ulu ko gashin tunkiya, da sharaɗin bai cinye sararin yatsu ba. Sannan akwai murfin likkafa, wata 'yar jaka da ake ɗaurawa ta rufe gaban ƙafa. Makiyayan Meksiko sun daɗe da nasu na fata, tapadero, don kare ƙafa daga ƙaya, sai ga shi yana tare iska da dusar ƙanƙara, har ma yana hana ƙafa zurmawa. Akwai masu shafin gashi a ciki. Ba su da kyan gani, na yarda, amma duk cikin kayan da ake saye ban ga wanda ya kai su amfani ba.

Jiki kuma ka yi masa rufi hawa-hawa: ta ciki mai tsane gumi, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje mai tare iska. Cinya da gwiwa su ne hanyar da jini ke bi, in sun yi sanyi jinin kan huce tun a hanya, don haka dogon wandon ciki da wandon sama mai tare iska sun fi ƙarin safa amfani. Ka rufe wuya, ka sa siririyar hula ƙarƙashin hular kwano, wadda ba za ta sa kwanon ya riƙa rawa ba. Maganar da ake yaɗawa wai rabin zafin jiki ta kai yake fita ba gaskiya ba ce, bai wuce kashi goma cikin ɗari ba, amma kashi goman ma ba abin yarwa ba ne. Kada ka fita da yunwa ko ƙishi, jiki ba ya hura wuta babu itace. Taba na tsuke jijiyoyin yatsu, barasa kuma na sa mutum ya ji ɗumi alhali zafinsa zuba yake yi waje.

Kuma kada ka manta kana zaune a kan murhu. Zafin jikin doki na tsakanin digiri 37 da rabi zuwa 38 da rabi. Wanda ya taɓa hawa ba sirdi a ranar sanyi ya san yadda ƙafafu ke yin ɗumi tun daga cinya. Akwai wani irin bargo da ake shimfiɗa wa doki a ƙugu, wanda gabansa ke zagayowa ya lulluɓe cinyoyin mahayi, ya tara ɗumin ku biyu wuri ɗaya. Sai dai ka fara saba wa dokin da shi, kuma ya zama mai saurin ɓallewa.

Duk da haka, ƙafar da ba ta motsi sai ta yi sanyi ko da me aka naɗe ta. Kada ka jira sai ta fara zugi. Tun daga minti na goma ka riƙa dunƙule yatsu kana saki, sau ashirin, sau talatin. In dokin mai natsuwa ne kuma hanya ba santsi, ka zare ƙafa daga likkafa yayin da yake tafiya a hankali, ka juya idon sawu dama da hagu, ka kaɗa ƙafar tun daga gwiwa ba tare da ka dunguri cikinsa ba. Sassarfa irin wadda kake tashi kana zama tana sa naman ƙafa aiki, ta fi doguwar tafiyar taƙama ɗumama mutum. Ka daina danna dunduniya da ƙarfin tsiya, ka bar nauyi ya gangara da kansa. Wanda ya fi duka kuwa, ka sauka ka ja dokin minti biyar ko goma a kowace awa. Sojojin doki na da haka suke yi a doguwar tafiya, don gadon bayan doki ya huta, jinin mahayi ya zagaya. Wasu na ganin kamar ƙasƙanci ne a gan su riƙe da ragama suna tafiya a ƙasa. Ni dai ban taɓa ganin wanda girman kai ya ɗumama wa yatsu ba.

Ƴan fakitin ɗumi da ake mannawa a safa suna taimakawa. Garin ƙarfe ne da gishiri da gawayi a ciki, in iska ta shiga sai ƙarfen ya yi tsatsa da sauri ya fitar da zafi. Saboda haka ka buɗe shi ya sha iska ƴan mintoci kafin ka sa, kuma a matsattsen takalmi mutuwa yake yi. Ka manna shi a saman yatsu, kan safa, ba kan fata ba, kuma ba a ƙasa inda likkafa za ta danne shi ba. Safa mai batir ma haka, ka kunna ta ƙasa-ƙasa, don in ta sa ka gumi sannan batir ya mutu a tsakiyar daji, ka fi wanda bai sa ba shan wuya.

Abin da ya fi tsaya mini a tambayarka shi ne da ka ce har kakan daina jin likkafa. Ƙafar da ke zugi tana da sauran jini. Wadda ta yi shiru ita ce abin tsoro, don ji kan fara ɗaukewa idan zafin fata ya sauka ƙasa da digiri 10, daga nan kuma ba ka da mai gaya maka halin da take ciki. Ranar da hakan ta faru ka juya gida. In ka cire safa ka ga fata ta yi fari ko toka-toka, ta yi tauri kamar kyandir, to ta daskare. Kada ka murza, kada ka kanga a wuta ko na'urar ɗumama ɗaki, don naman da ba ya ji yana ƙonewa mai shi bai sani ba. Likitan rundunar Napoliyon sarkin Faransa, Dominique Larrey, ya ga wannan da idonsa a janyewarsu daga Rasha a 1812: sojojin da suka ruga suka kanga daskararrun gaɓoɓi a wuta su ne suka fi ruɓewa. Sai dai shawarar da ya bayar, wai a goga dusar ƙanƙara, ita ma kuskure ce da ta daɗe tana cutar mutane. Abin da likitoci ke yi yanzu, tun bayan aikin Dokta William Mills a Alaska, shi ne tsoma ƙafar cikin ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39 na kamar rabin awa, har fata ta yi laushi. Yana da raɗaɗi sosai. Kada a narkar in akwai yiwuwar ta sake daskarewa kafin a isa mafaka, kuma in bororo ya fito ko ji bai dawo ba, sai asibiti. Mai ciwon suga, da mai matsalar jijiyoyin jini, da wanda yatsunsa ke yin fari fat da ɗan sanyi kaɗan, irin ciwon da likitan Faransa Maurice Raynaud ya bayyana a 1862, su ga likita tun kafin hunturu, kuma su yi hattara da fakitin ɗumi.

Sauka ma da ladabinta. Wata rana na dawo daga fitar awa biyu, ƙafata ta mutu ban kula ba, na yi tsalle na diro kan daskararren siminti kamar yadda na saba. Ji na yi kamar an farfasa kwalba a cikin takalmina, gwiwa ta lanƙwashe, na durƙusa a gaban doki yana kallona. Tun daga ranar, in saura minti biyar in isa nakan zare ƙafa in yi ta kaɗawa, in nemi dakalin hawa ko wuri mai laushi, in zame a hankali ina riƙe da sirdi, gwiwa a sake.

Da ka shiga ɗaki ka cire safar nan take ko da ba ka ji ta jiƙe ba. Ka zare shafin takalmin da tafinsa ka shanya daban, ka cusa tsohuwar jarida a ciki ta tsotse laima, ka canja ta bayan awa biyu. Ka ajiye shi nesa da wuta, don fata tsagewa take yi, gam kuma ya saki. Kafin ka kwanta ka zura hannu har can ƙurya wajen yatsu ka taɓa, nan ne ke bushewa a ƙarshe.